Darasi na 9: Idan bashi ya fi ƙarfin mai albashi, wa ke da ikon taɓa albashinsa?

Iyayena da yayyena, na san yawancinmu ba ma ɗaukar albashi. Noma ne, kiwo ne, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne. Amma kusan kowace ƙungiya tana da mamba ɗaya ko biyu masu aikin wata: mai shara a asibitin gari, mai dafa wa ɗalibai abinci, malamar firamare. Wasu kuma maigida ne ko ɗa yake aikin gadi ko aikin ƙaramar hukuma, daga albashinsa ake samun kuɗin zubin mako. Ranar da aka ce albashin nan ya shigo an kwashe, akwatinmu ma yana ji a jikinsa. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna a kan wannan magana: ta wace hanya mai bin bashi yake kai hannu ga albashin mutum, kuma me yake faruwa da wannan yanka idan kotu ta tabbatar cewa arzikin mutum ya karye.

Ƙofofin da ake bi a taɓa albashi

Mai bin bashi ba ya da ikon zuwa wurin aikin mutum ya ce a ba shi albashinsa don kawai yana binsa. Ko bashin gaskiya ne, ko da shaidu goma. Sai ya biyo ta ɗaya daga cikin ƙofofi uku.

Ta farko ita ce sa hannun mutum da kansa. Lokacin karɓar rance daga banki ko ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, akan ba shi takarda ya yarda a riƙa cira kafin kuɗin ya iso gare shi. Mafi yawan yankan albashin da muke jin kukansa a ƙauye daga nan yake, ba daga kotu ba. Mutum ya dangwala hannu ranar da yake cikin matsi, bai sa an karanta masa ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta sa iyaka a nan: duk abin da mai ba da aiki zai yanke daga ladan ma'aikaci a wata guda kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Idan albashin naira 70,000 ne, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa a doka a 2024, yankan bai kamata ya haura naira 23,333 ba. Wannan kariya ta ƙananan ma'aikata ce, irin su leburori, masinja da akawu. Shugabannin ofis da ƙwararru ba sa cikin waɗanda dokar ta rufe. Kuma ku lura, iyakar tana kan mai biyan albashi ne. Da zarar kuɗi ya faɗa asusun banki, wata magana ce daban.

Nan ne ƙofa ta biyu take. Tun ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da wani tsari da ake kira GSI. Wanda zai ci bashin banki yana sa hannu cewa idan ya kasa biya, bankin yana iya bin lambar BVN ɗinsa ya ɗebo kuɗi daga duk wani asusu da yake da shi a wasu bankuna. Ba a zuwa kotu, ba a aiko sammaci. Sai dai mutum ya ga saƙo a waya an cire. Ƙa'idar tsarin ta ce uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai za a ɗiba ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. Zan dawo kan wannan ƙofa, domin ita ce ta fi kusa da akwatinmu.

Ta uku ita ce kotu. Mai bin bashi ya kai ƙara, an saurari kowa, alƙali ya yanke cewa lallai akwai bashi, kuma ba a biya ba. Sai ya koma kotu ya ce: ga wani da yake riƙe da kuɗin wanda nake bi, a umarce shi ya ba ni. Wannan mai riƙon yawanci banki ne, wani lokaci kuma wurin aiki, idan albashin ya riga ya zama haƙƙin ma'aikaci ba a biya shi ba. Lauyoyi suna kiran wannan ganishi. Mataki biyu gare shi. Da farko kotu ta ba da umarnin wucin gadi, a tsare kuɗin kada ya motsa. Doka ta ce a kai wa bankin da kuma wanda ake bi takardar aƙalla kwana 14 kafin ranar zama. Idan ranar ta zo babu wani dalili mai ƙarfi, sai a mai da umarnin ya zama na dindindin, a miƙa kuɗin. Kwana 14 ɗin nan ba na kwanciya ba ne. A cikinsu ake neman lauya, a cikinsu ake nuna cewa kuɗin da ke asusun ba na wanda ake bi ba ne, idan haka ne. Idan kuwa kuɗin yana hannun jami'in gwamnati ne a matsayinsa na jami'i, dokar ta ce sai an nemi yardar Antoni Janar tukuna.

Duk wanda ya zo ta wata hanya ban da waɗannan, ƙarfi kawai yake nunawa. Ɗan sanda ba mai karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Saboda haka ba a ɗauke mace don mijinta ya gudu da bashi. In akwai zamba a ciki, wannan laifi ne, hanyarsa daban. Masu ba da rance ta waya da ke tura wa dangi saƙon cin mutunci su ma ba su da wannan iko, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi a kansu.

Karayar arziki a gaban kotu

A bakinmu, duk wanda jarinsa ya ƙare mukan ce ya karye. A doka kuwa, karayar arziki matsayi ne da kotu take ɗora wa mutum. Najeriya tana da dokarta tun 1979, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai take sauraron irin wannan shari'a. Kotun majistare ba ta yi. Mutum yana iya kai kansa ya ce bashi ya fi ƙarfina, masu binsa ma suna iya kai shi.

Daga lokacin da aka shigar da takardar, kotu tana da ikon dakatar da duk wata ƙara ko kwasar kaya da ake cikin yi wa mutumin. Idan ta gamsu, sai ta ba da umarnin riƙon dukiya, ta sa wani jami'i ya zama mai riƙo. Daga ranar, masu bin bashi ba sa iya taɓa mutumin ko kayansa, ba sa iya buɗe sabuwar ƙara, sai da izinin kotu. Wanda ya fara bin hanyar ganishi amma kuɗin bai kai ga shiga hannunsa ba, ba zai ci shi kaɗai ba, sai ya shiga layi da sauran. Wanda kuwa ya riga ya karɓe tun kafin maganar karaya ta taso, ya sha.

To a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Sukan ji an ce an dakatar, sai su ɗauka albashi ya kuɓuta ke nan. Ba haka ba ne. Abin da aka dakatar shi ne rububi, kowa yana wawar abin da ya samu. Dokar ta ba kotu dama ta ce a riƙa ware wani kaso na albashin mutumin ana ba mai riƙo, shi kuma ya raba wa masu bin bashi gwargwadon abin da kowa yake bi. Yankan yana nan, hannun da yake yankan ne ya zama ɗaya, kuma alƙali ne yake auna yawansa yana duba abin da gidan zai ci. Ga wanda mutum biyar suke ja ta kowane gefe, wannan sauƙi ne babba. Ga wanda yake tsammanin za a yafe masa komai gobe da safe, zai sha mamaki.

Wataƙila wasunku sun ji 'ya'yansu suna ba da labarin Amurka, inda ake cewa mutum ya cika takarda kawai bashi ya tsaya. Akwai gaskiya a ciki. A can, da zarar an shigar da takardar karaya, doka da kanta take tsayar da yankan albashi nan take, ba a jiran alƙali ya zauna. Kuma tun kafin nan dokarsu ta 1968 ta hana mai bin bashi na yau da kullum ya karɓi fiye da kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage bayan haraji. Duk da haka kuɗin ciyar da 'ya'ya ba ya tsayawa ko a can. Tsarinsu ne, mutane da yawa suna bin sa kowace shekara. Namu ba a cika bi ba. Kotun tana birni, sai da lauya, sai da kuɗin mota da na takardu, ga jinkiri. Mai albashin 70,000 da wuya ya kai ƙofar.

Ga kuma nauyin da ke biyo baya. Ana sayar da dukiyar mutum, a bar masa tufafi da shimfiɗar iyali da kayan sana'arsa daidai gwargwado. Muddin kotu ba ta sallame shi ba, ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ba, ba zai zama daraktan kamfani ba, kuma laifi ne ya ci sabon bashi yana ɓoye matsayinsa.

Abu biyu ne wannan dakatarwa ba ta taɓawa, kuma su ne suka fi cin mata. Na ɗaya, mai jingina. Wanda aka ba takardar fili ko gida a matsayin jingina yana nan da haƙƙinsa a kan abin, ba ya shiga layi da sauran. Na biyu, mai tsayawa. Idan kin sa hannu kin tsaya wa ƙaninki ko maigida a banki, ko kotu ta sallame shi daga bashin, ke ba ta sallame ki ba. Kanki za a juyo. Ina roƙonku, duk takardar da aka ce "sa hannu kawai, shaida ce", a sa wani amintacce ya karanta a fili. Shaida daban, tsayawa daban.

In ba ki tsaya masa ba, bashin miji ba naki ba ne. Akuyarki, keken ɗinkinki, kayan ɗakinki da zubinki na akwati naki ne, a dokar ƙasa da kuma a Musulunci. Abin da yake kawo matsala shi ne rashin shaida. Rasit ɗin keken ɗinki da littafin zubinki mai hatimi su ne bakinki ranar da ma'aikatan kotu suka shigo gida suna rubuta kaya.

Abin da muka gada a fiƙihu

Wannan tsari na tara masu bin bashi wuri guda ba baƙo ba ne a wurinmu. Littattafan mazhabar Malikiyya da malamanmu suke karantarwa a zaure suna da babi guda a kai, ana ce masa taflisi. Idan bashin da lokacinsa ya yi ya fi dukiyar mutum, masu binsa suka kai wa alƙali, sai ya hana shi kyauta ko sayar da kayansa yadda ya ga dama. Bashin da lokacinsa bai yi ba shi ma sai ya zama na yanzu. A sayar da kayan, a raba gwargwado. Wanda ya sayar masa da abu bashi kuma ya tarar da abin nan nasa bai canja ba, shi ya fi cancanta ya ɗauki abinsa. Ana bar masa abinci da sutura shi da iyalinsa. Wanda aka tabbatar ba shi da komai ba a tsare shi, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara masa har ya samu. Masu bashi kuma suna cikin mutum takwas da ake ba zakka.

Bambancin da ya kamata mu riƙe shi ne wannan. A kotun tarayya, idan aka sallami mutum, yawancin ragowar bashin ya faɗi a idon doka, ban da irin wanda aka ci ta hanyar zamba. A addini kuwa ragowar tana wuyansa har ya biya ko mai shi ya yafe. Na sha jin mata suna cewa, "To ai an kai kotu, shi ke nan." A'a, Hajiya, takarda ce ta rufe. Tsakaninki da 'yar uwarki da kika ci kuɗinta da sauran magana.

Ina ƙungiyarmu take tsaye a layin?

Mu ma masu bin bashi ne. Duk rancen da ya fita daga akwati, gumin mata ashirin ko talatin ne. Bari mu yi lissafi da tsakuwa ko ƙwayar masara, kowace ɗaya ta zama naira 10,000.

A ce wata mamba mai aikin wata ana binta: banki naira 300,000, dillalin hatsi naira 150,000, ƙungiyarmu naira 50,000. Jimla 500,000. Aka tattara abin da take da shi, bayan an cire kuɗin shari'a da abin da doka ta sa a gaba, ya rage 200,000. Kowace naira ɗaya ta bashi za ta samu kwabo 40. Banki ya ɗauki 120,000, dillali 60,000, mu 20,000. Mun yi asarar 30,000, ko kuma mu jira ta daga ɗan kason albashin da ake warewa wata-wata, shi ma mu uku za mu raba, namu kashi ɗaya cikin goma. Ku sa mata biyu su raba tsakuwa 20 ɗin nan da hannunsu a gaban kowa. Ya fi bayanina shiga.

Wannan ma idan an yi rabo ke nan. A zahiri, tun da ba a cika zuwa kotun karaya ba, mai dogon hannu ne yake fara ci. Banki yana da GSI, yana da lauya. Mu muna da littafi da kunya. Albashi ya shigo ranar 28, kafin ta isa wurin mai POS an kwashe, ta zo zaman Laraba hannu biyu. Ba ƙin biya ta yi ba. Ni a ganina ƙungiyar da ta ci irin wannan mamba tara a kan tara tana ƙara tura ta wurin masu rancen waya ne, kuma kuɗinmu ba zai dawo ta nan ba. Gara a zauna da ita, a tsayar da tarar, a tsawaita wa'adi, a rubuta sabon tsarin biya da za ta iya, ko naira 1,000 ce a mako, kowa ya shaida. Ranar rabon ƙarshen zango sai a cire ragowar daga zubinta, idan kundin dokokinmu ya faɗi haka tun farko. In bai faɗa ba, a gyara shi yanzu tun babu rikici. Dokar da ta taƙaita rance kada ya wuce ninki uku na zubin mamba ita ma don irin wannan rana aka yi ta, kada a karya ta don mutum yana da albashi. Albashin da aka riga aka jinginar wa banki ba abin dogaro ba ne. Kafin a ba mai aikin wata rance babba, ba rashin kunya ba ne shugaba ta tambaye ta a keɓe, "Yaya, akwai wani yanka a albashin?"

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa. Ƙungiyoyi da yawa, idan kuɗi ya yi yawa a akwati ana tsoron ɓarayi, sai su ce ma'aji ta ajiye a asusunta, ko a asusun mijinta ko ɗanta mai waya. Niyya mai kyau ce. Amma kwamfutar banki ba ta san niyya ba, suna da BVN kawai take gani. Idan mai asusun yana da bashin da ya kasa biya a wani banki, ana iya kwashe kuɗin ƙungiya kaf a dare ɗaya a biya bashinsa. Asusun haɗin gwiwa na mutum biyu da asusun waya ma suna cikin waɗanda tsarin yake kaiwa gare su. Haka umarnin kotu: zai tsare duk abin da ke cikin asusun, sai mun je mun tabbatar wa alƙali cewa namu ne, da littafi, da shaidu, da kuɗin lauya. Kuɗin ƙungiya ya zauna ko dai a akwati mai makulli uku, ko a asusun da aka buɗe da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku suna sa hannu. Banki zai nemi takardar rajista, kuma ofishin kula da ƙungiyoyin gama-kai na jiha shi ne wurin fara tambaya.

Idan an riga an yanka

Matar da ta zo da kukan an taɓa albashi, abu na farko a gano ta wace ƙofa aka shigo. A je banki a karɓi takardar bayanin shige da ficen kuɗi na watan, a nemi kwafin yarjejeniyar rancen. In wurin aiki ne, a nemi takardar albashi mai nuna abin da aka cire. In umarnin kotu ne, a tambayi sunan kotun da lambar ƙarar da ranar zama, kada a bari ranar ta wuce. Ƙorafi a kan banki ana fara rubuta shi ga bankin ne, a riƙe kwafi mai hatimi. Idan bai warware ba, a kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa a babban birnin jiha, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Kuma ko bayan an yanke hukunci, wanda ake bi yana iya roƙon kotu ta bar shi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Mutane da yawa ba sa roƙa don ba su san ana yi ba.

A zama mai zuwa, ma'aji da masu riƙe da makullai su faɗa wa kowa a fili inda kowace naira ta ƙungiya take kwana, da sunan da ke kan asusun. Magatakarda ta zo da kundin dokoki mu karanta sashen rance tare. Duk wadda ta taɓa sa hannu a takardar rancen wani, ta zo da kwafin in tana da shi, za mu duba a keɓe bayan an rufe akwati.